Wutar da Ke Kashe Tauraron Ɗan'adam, da Abin da Ya Haɗa Ta da Sabon Birni

A watan Satumban 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, 'yan makonni bayan Zamfara ta ɗauki irin wannan mataki. Sabon Birni da Isa suna cikin jerin. An yi haka ne don a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, amma talaka ma ya ɗanɗana kuɗarsa. Mai POS ya naɗe tabarmarsa, ɗan kasuwa ya daina jin farashin Shinkafi da Illela kafin ya ɗora kaya, wanda aka kai wa hari cikin dare kuwa sai dai ya jira gari ya waye ya tura yaro a kan babur. Waɗanda ke dab da iyaka suka koma farautar sabis ɗin Nijar.

Ƙarfen sabis da ke tsaye a ƙasa, rayuwarsa a hannun mutane take. Takarda guda daga hukuma tana kashe shi, ɗan bindiga yana iya cinna masa wuta, idan kuma direban da ke kai masa dizal ya ji tsoron hanyar Isa zuwa Sabon Birni, to zai mutu da kansa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Abin da hannu ba ya kaiwa shi ne na sama. Tauraron ɗan'adam ne ke ɗauko hoton gajimaren da ake hasashen damina da shi, shi ke nuna inda gulbin Rima ya tumbatsa, shi ke gaya wa waya da jirgin soja inda suke, shi ne kuma hanyar da ta rage wa asibiti ko banki ranar da sabis ya ɗauke. Don haka duk abin da ke kashe tauraro kafin wa'adinsa ya fi shafar Bagobirin bakin iyaka fiye da mutumin Legas da aka ja wa wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa har ƙofar gida. Ɗaya daga cikin manyan makasan nan, wanda ba a cika jin labarinsa a rediyo ko a zauren majalisa ba, shi ne wutar lantarkin tauraron kansa, idan ta gamu da abin da ya cika sararin da yake yawo a ciki.

Da yawa sun ɗauka sama fanko ce, alhali kuwa akwai abu a cikinta. Daga kimanin kilomita 60 zuwa 1,000 sama da doron ƙasa, hasken rana yana dukan 'yar iskar da ta rage yana fizge wa ƙwayoyinta ilaktiron, sai iskar ta rabu gida biyu: ilaktiron masu cajin negetif da ayon masu cajin fozitif. Wannan gauraye shi ne filazma, yankin kuma ana ce masa ayonosfiya. Da rana, a tsayin kilomita 300 zuwa 400, ana iya samun ilaktiron miliyan guda a ɗan gurbin da bai wuce santimita ɗaya ba ta kowace fuska. In aka gwada da iskar da ake shaƙa a ƙasa wannan ba komai ba ne, amma ya isa ya ɗauki wuta. Kumbo yana ratsa wani abu ne da zai iya zuba masa lantarki, ya kuma iya kwasa daga jikinsa.

Mai haɗa wuta da ya san aikinsa, in ya gama ɗora farantan sola a rufin masallaci ko a kan tankin rijiyar burtsatse, zai kafa sandar ƙarfe a ƙasa ya ɗaura mata waya, don duk wutar da ta ɓace hanya ta bi nan ta nutse. Kumbo ba shi da inda zai kafa sanda. Filazma ce ƙasarsa, ga ta kuma ba ta zama wuri ɗaya: ta dare daban, ta rana daban, ta shekarar da rana ta lafa daban da ta shekarar da take tafasa. Doka guda ce ke tafiyar da al'amarin. Abin da kumbo ya kwasa na negetif dole ya yi daidai da abin da ya kwasa na fozitif, in ba haka ba jikinsa zai yi ta tara caji har lissafin ya daidaita da kansa.

Sai dai ɓangarorin biyu ba sa'o'in juna ba ne. Ayon ɗin oksijin, wanda shi ya fi yawa a wannan tsayi, ya fi ilaktiron nauyi kusan sau 29,000. Ilaktiron yana gudun da ya haura kilomita 100 a daƙiƙa, yana kuma zuwa ta kowace kusurwa. Ayon kuwa da ƙyar yake wuce kilomita ɗaya, shi kumbon kansa yana yin wajen kilomita 7.7, saboda haka ayon da yake samu sai wanda ya yi karo da shi ta gaba. To farantin sola yana da ƙarshen fozitif da ƙarshen negetif, ga kuma 'yan ƙarafan haɗi a buɗe tsakanin ƙwayoyinsa. Ɗan guntun gefen fozitif kawai ya isa ya zuƙi ilaktiron da sai an haɗa duk sauran farantin kafin a biya shi da ayon. Abin da ke faruwa shi ne kusan dukkan tsarin yana nutsewa ƙasa da matakin filazma, har wajen kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin wutarsa. Jikin kumbon, da yake bisa al'ada da ƙarshen negetif ake ɗaure shi, shi ke zuwa can ƙurya.

Lokacin da taurari ke aiki da bolt 28 wannan bai hana kowa barci ba. Amma tauraro ya girma, abincinsa na wuta ya tashi daga 'yan ɗaruruwan wat zuwa kilowat 10, 15, har 20. Dalilin da ya sa ake kai wutar Kainji Birnin Kebbi a kan layin bolt 330,000, daga can a miƙo ta Sakkwato a kan na 132,000, shi ne dai ya tilasta wa maƙeran taurari ɗaga nasu. In aka ninka bolt sau biyu, kwararar wutar da ake buƙata ta ragu da rabi, asarar da ake yi a cikin waya ta koma kashi ɗaya cikin huɗu, wayar kuma ta iya zama siririya. A harkar da ake biyan kuɗin harbawa kilo-kilo, siririyar waya riba ce. Haka taurarin sadarwa suka hau bolt 50, suka hau 70, suka kai 100. Farantan tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ISS, suna bayar da bolt 160.

Da injiniyoyin NASA suka yi lissafin wannan tasha tun kafin a harba ta, sai suka ga jikinta zai iya kaiwa bolt 140 ƙasa da filazma. Siririn rufin kariya da ke kan alminiyom ɗinta ba zai jure haka ba, zai riƙa fashewa da tartsatsi. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ɗan sama-jannatin da zai fito aiki a waje, cikin riga mai zobban ƙarfe, jikinsa sharkaf da gumi. Sai aka ƙera wata na'ura da ke hura iskar zenon ta mayar da ita filazma, ta nan tashar take tofar da rarar ilaktiron da ta kwasa. An ɗora guda biyu a shekarar 2000, aka kuma kafa ƙa'idar cewa kada cajin jikin tashar ya wuce bolt 40 idan mutum yana waje. A 2006 aka ƙara wata na'urar da aikinta kawai auna wannan caji. Ashe lissafin farko ya zarce gaskiya. Cajin da aka riƙa aunawa bai kai abin da aka ji tsoro ba, saboda gilashin da ke rufe ƙwayoyin sola yana tare wa ilaktiron hanyar isa gefensu. Amma awon ya tono wani abin da ba a yi tsammani ba: wani lokaci, daidai sa'ar da tashar ke fitowa daga inuwar duniya, cajin yakan yi tsalle na 'yan daƙiƙoƙi kafin ya sauka.

Gwajin da ya fi kowanne koyar da darasi shi ne wanda Italiya da Amurka suka yi tare. Tun a shekarun 1970 wasu masana 'yan Italiya biyu, Mario Grossi da Giuseppe Colombo, suka kawo shawarar a saki doguwar waya daga kumbo. Wayar da ke yanka maganaɗisun duniya da irin wannan gudu janareto ce, ba ta buƙatar ko ɗigon mai. A 1992 aka gwada daga kumbon Atlantis, amma wani noti da ya turo kai ya maƙale injin warware wayar, ta tsaya a mita 256. Aka sake shiri. A watan Fabrairun 1996 kumbon Columbia ya tashi da wani tauraron Italiya, dunƙulen ƙarfe mai faɗin mita 1.6, ɗaure da waya mai tsawon kilomita 20.7 wadda kaurinta bai wuce milimita biyu da rabi ba. A ranar 25 ga wata an warware kilomita 19.7, wayar tana haifar da wajen bolt 3,500, saura ƙiris a kai ƙarshe, sai ta tsinke daga kusa da kumbon. Tauraron ya yi gaba da jelarsa, bayan 'yan makonni ya faɗo ya ƙone.

Binciken da ya biyo baya ya gano cewa wani ɗan rauni ne a rigar wayar ya buɗe ƙofa. Iskar da ta maƙale a cikin zaren wayar tun daga masana'anta ta fara tsiyayowa ta wannan huda, wutar ta kama ta, tartsatsi ya tashi ya ƙi mutuwa har ya cinye zaren da ke riƙe da nauyin. Ko bayan tsinkewar, kwararar wuta ta kusan amfiya ɗaya ta ci gaba da bin wayar da ke jikin tauraron na kimanin minti guda. Jaridu sun kira abin asara, kuma asarar ce. Sai dai bayanan da aka tattara cikin 'yan sa'o'in nan sun girgiza littattafai. Tun 1926 Irving Langmuir da Harold Mott-Smith suka tsara lissafin yadda ƙarfe mai caji ke kwasar wuta a cikin filazma, a 1967 kuma Parker da Murphy suka nuna cewa maganaɗisun duniya yana ɗaure ilaktiron, yana sa iyaka ga abin da dunƙulen ƙarfe zai iya kwasa. Kusan shekara 30 ana dogaro da wannan iyaka. Tauraron Italiya ya kwashi ninki biyu zuwa uku na abin da ta ce.

A nan ne gizo ke saƙa. A tashar ISS lissafi ya yi yawa, a gwajin waya ya yi kaɗan, kuma waɗanda suka yi lissafin duka biyun su ne gwanayen fannin a duniya. Siffar gefen gilashi, kaurin gam, tazarar milimita ɗaya tsakanin jere biyu na ƙwayoyin sola, duk suna iya sauya sakamako. Har ma akwai matakin da, in bolt ɗin fozitif ya haura ɗari da wani abu, rufin da ba ya ɗaukar wuta ke fara taya ƙarfen da ke kusa da shi kwasa, kwararar ta yi tashin gwauron zabo. Wanda ya ce ya tabbatar da lafiyar farantin tauraro a kan takarda, bai sa shi cikin tukunyar gwaji ba, faɗa kawai ya yi.

Can sama kuma, a kilomita 35,786 inda taurarin sadarwa ke tsayawa daidai kan wuri guda, filazmar ba ta da yawa amma tana da zafi ƙwarai. Idan guguwar rana ta taso, musamman a watannin Maris da Satumba da tauraro ke shiga inuwar duniya kullum, jikinsa yana iya tara cajin dubban bolt. A shekarun 1970 an auna sama da bolt 10,000 a kan taurarin ATS na Amurka. Ƙarfe ya tara nasa, gilashi ya tara nasa daban, in tazarar ta yi yawa sai tartsatsi ya tashi. Shi kaɗai wannan tartsatsin ba ya daɗewa. Haɗarin yana zuwa ne in ya faɗa tsakanin jere biyu na ƙwayoyin sola da ke da babban bambancin bolt, domin a nan farantin da kansa zai ci gaba da ciyar da wutar har rufin ƙasansa ya zama gawayi, jeren ya mutu har abada. Haka ta faru da Tempo-2 da PAS-6 a 1997, sababbin taurari masu bolt 100, waɗanda suka rasa wani kaso na wutarsu cikin watannin farko. Na Japan ya fi muni. Tauraron Midori-2, da aka harba a Disambar 2002, yana ratsa yankin ƙuryar duniya a watan Oktoban 2003 sai bargon da ke naɗe da wayoyinsa ya tara caji, wuta ta kama tsakanin wayoyin, cikin 'yan mintoci ƙarfinsa ya faɗo daga kilowat 6 zuwa 1. Wata goma kacal ya yi.

Wa ke shan wahala idan irin haka ta faru? A watan Janairun 1994 caji ya taru a cikin taurarin Kanada biyu, Anik E1 da E2, suka rikice cikin sa'o'i kaɗan tsakaninsu. Ƙauyukan arewacin ƙasar masu nisa ne suka fi jin jiki, suka rasa waya da talabijin, domin ba su da wata hanyar. Na biyun sai da aka yi watanni kafin a farfaɗo da shi. Wani nazari da cibiyar Aerospace Corporation ta Amurka ta fitar a 1999 ya nuna cewa fiye da rabin matsalolin da aka danganta da yanayin sararin samaniya, daga tartsatsin caji suka samo asali.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan makoki. An harba NigComSat-1 daga Xichang ta ƙasar Sin a watan Mayun 2007, tauraro mai nauyin fiye da tan 5 da aka ƙera don ya yi shekara 15. A Nuwamban 2008 ya mutu, bayan wata 18. Dalilin da aka bayyana shi ne lalacewar na'urar da ke juya farantansa su fuskanci rana, ba filazma aka ɗora wa laifi ba, kuma bai kamata a cakuɗa biyun ba. Amma ta ɓangaren wuta ajalinsa ya zo, kamar yadda na Venesat-1 na Benezuwela, wanda aka gina a kan irin wannan gangar jiki, ya zo a 2020. An yi wa Nijeriya madadi, NigComSat-1R, aka harba shi ranar 19 ga Disambar 2011, ya kuma riƙe amana. Shi ma shekara 15 aka ɗiba masa, lissafin da ke cika a ƙarshen 2026. Duk wanda zai gaje shi zai fi shi cin wuta, domin intanet mai sauri wuta yake ci, ga shi kuma tun 2015 taurarin sadarwa suka fara hawa mazauninsu da injin lantarki maimakon na mai, injin da shi kansa filazma yake fesowa a gefen farantan.

Abin lura shi ne inda aka gina taurarin ƙasar aka kuma gwada su. NigeriaSat-1 na 2003 da NigeriaSat-2 na 2011 a Surrey ta Ingila aka yi su. NigeriaSat-X injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi, abin alfahari, amma a can Surrey ɗin. NigComSat biyun a Sin. Hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, da aka kafa a 1999, tana da cibiyoyi a Abuja da Jos da Nsukka da Ile-Ife da Epe da Toro da Anyigba, tana kuma da ma'aikata masu ilimi. Sai dai mai saye da ba ya iya maimaita gwajin da aka ce an yi wa kayansa, duk abin da mai sayarwa ya faɗa masa shi zai rubuta, ko ranar karɓa ko ranar ta'aziyya.

Kuma abin bai fi ƙarfin jami'a ba. Cibiyar Fasaha ta Kyushu da ke Japan ba ta cikin manyan jami'o'in da ake jin sunansu, amma ɗakin gwajin Farfesa Mengu Cho da ke can ya zama wurin da ake kai farantan taurari a sa su cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, a cika ta da filazma, a ga inda tartsatsi zai tashi. Aikin wannan ɗaki yana cikin abin da ya haifar da ƙa'idar gwaji ta duniya, ISO 11221, a 2011. A 2012 ɗalibansa suka harba ɗan ƙaramin tauraro, Horyu-2, wanda ya samar da sama da bolt 300 a sararin samaniya. A wannan jami'ar ce aka haɗa NigeriaEdusat-1, ɗan akwati mai santimita 10 ta kowace fuska, tare da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure da NASRDA, aka kai shi ISS a watan Yunin 2017 aka sake shi a Yuli. Wato ƙofar tana buɗe, 'yan Nijeriya ma sun taɓa shiga. Abin da ya rage shi ne a kawo sana'ar gida.

Me ya sa za a kawo ta Sakkwato? Akwai dalilin da Allah ya ajiye a saman yankin. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya, wanda ba ɗaya yake da ikwaitar taswira ba, ta cikin Nijeriya ya ratsa, Sabon Birni kuma digiri kaɗan ne arewa da shi. A saman wannan layi, kimanin kilomita 105, wani kogin lantarki yana gudana gabas kullum da rana. Ɗan Nijeriya ne, Farfesa Cyril Agodi Onwumechili na Jami'ar Ibadan, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Ife, ya zama ɗaya daga cikin manyan masanansa a duniya, littafinsa na 1997 a kan batun har yau ana komawa gare shi. Daga wannan layi filazma ke tashi sama ta zubo hagu da dama, wajen digiri 15 kowane gefe, inda ta fi kauri a duk duniya. Bayan magariba kuma sai ta fara yin manyan ramuka da ke wargaza saƙon GPS da na taurarin sadarwa, a daidai lokacin da jami'in tsaro da mazaunin ƙauye suka fi buƙatar su. Duk tauraron da ke ƙasa-ƙasa, ciki har da dubban taurarin Starlink da suka fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, ta cikin wannan filazma mai rikici yake bi idan ya zo saman Gobir. Ga kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda ke aiki a kan hasken rana tun farkon shekarun 1980.

Wani zai ce, mutumin da ba ya zuwa gonarsa sai ya biya ɗan bindiga haraji, wanda 'yan'uwansa ke gudun hijira a Gidan Rumji ta Jihar Maraɗi, ina ruwansa da filazma? Tambayar tana da nauyi, kuma babu mai hankalin da zai ce a fasa gyaran hanya ko biyan soja don a sayi tukunyar gwaji. Amma kuɗin tauraro za a kashe su ko ya yarda ko bai yarda ba, da sunansa ma za a kashe su, domin tsaro da haɗa karkara da intanet su ne hujjar da ake kawowa duk lokacin da aka nemi amincewa. Abin da ya rage masa a cinikin shi ne ko kayan za su yi shekara 15 ko wata 18. Kuɗin ɗakin gwaji, in aka jera shi da ɗaruruwan miliyoyin dalolin da ake biya wa tauraron sadarwa guda, ɗan canji ne.

Akwai kuma ribar da za ta sauko ƙasa tun kafin a harba komai. Wutar sola miƙaƙƙiya ce, ba ta kai da komo irin ta layin gwamnati da ke ratsa sifili sau 100 a daƙiƙa, shi ya sa tartsatsinta in ya kama ba ya saurin mutuwa. Ƙananan tashoshin sola da famfunan ban-ruwa da ke yaɗuwa a arewa suna jera faranti har su kai ɗaruruwan bolt, sau da yawa a hannun masu haɗin da suka koyi aikin a kan batirin bolt 12. Ɗalibin da ya yi shekara biyu yana nazarin yadda tartsatsi ke kamawa tsakanin jere biyu na ƙwayoyin sola, ko bai taɓa ganin roka ba, shi ne zai koya wa waɗannan yadda ake raba waya, da irin makunnin da ke iya kashe wannan wuta.

Abin da ake nema bai da yawa. Kwangilar tauraro na gaba ta ƙunshi sharaɗin cewa za a yi wa farantansa gwajin tartsatsi bisa ƙa'idar ISO 11221, a gaban injiniyoyin Nijeriya, a kuma miƙa musu ainihin bayanan da aka auna, ba takardar shaida mai shafi ɗaya ba. A ɗora masa 'yar na'urar auna caji, wadda nauyinta ba zai taka kara ya karya ba, bayananta su riƙa zuwa jami'o'in ƙasar. Asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, da NASRDA kuma su haɗa hannu su kafa ɗakin gwajin filazma da tashar sa ido kan ayonosfiya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a tura matasa biyar ko shida Kyushu da sharaɗin su dawo su riƙe shi. Na ƙarshen nan shi ya fi wuya, domin sayen ƙarfe ba ya gagarar gwamnati. Riƙe mutum da albashin da zai hana shi tafiya, da wutar da ba ta ɗaukewa a tsakiyar gwaji, su ne inda ayyuka irin wannan ke mutuwa.

Mazaɓar Isa da Sabon Birni tana da kujera a Majalisar Wakilai, Sakkwato ta Gabas tana da sanata, kuma kasafin NIGCOMSAT, mai kula da tauraron sadarwar ƙasar, da na NASRDA ta gaban majalisar suke bi kowace shekara. Idan shugabannin hukumomin nan suka zo kare kasafinsu, wakilan yankin su tambaye su a bainar jama'a: da bolt nawa sabon tauraron zai yi aiki, a wane ɗaki za a gwada farantansa, kuma su waye 'yan Nijeriyar da za su tsaya a wurin ranar gwajin.